Kun Tambaya, Mun Amsa: Fatalwar Cocin Greyfriars da ke Edinbura

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan wuri guda, tsohon cocin Greyfriars da maƙabartarsa a birnin Edinbura na ƙasar Sikotlan. Yawancinsu daga ɗalibanmu ne da ke karatu a Birtaniya, sai kuma iyayen da hankalinsu ya tashi. Mun taƙaita wasu, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Edinbura, ya ce mini akwai wani coci kusa da jami'arsu inda fatalwa ke dukan mutane. Wane irin wuri ne, me kuma ya faru a cikinsa? Daga wani uba a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wurin yana nan, tafiyar 'yan mintoci ne a ƙafa daga tsohon ginin jami'ar. Asalinsa filin wasu 'yan zuhudu ne mabiya tafarkin Faransis masu sa riguna ruwan toka, daga nan sunan ya samo asali. A 1562 Sarauniya Mary ta ba wa gari filin ya zama maƙabarta, aka fara ginin cocin a 1602, aka buɗe shi a 1620.

Abin da ya ba wurin suna rikici ne na addini da sarauta. Sarki Charles na ɗaya ya so ya tilasta wa mutanen Sikotlan littafin addu'a da shugabancin bishop-bishop irin na Ingila. Suka ƙi. Ranar 28 ga Fabrairu, 1638, a cikin wannan cocin, manyan ƙasar suka sa hannu a wata takardar alkawari cewa za su kare tsarin ibadarsu. Su ne ake kira 'Yan Alkawari. Bayan shekara arba'in da ɗaya, ranar 22 ga Yuni, 1679, sojojin gwamnati suka murƙushe su a yaƙin gadar Bothwell, aka koro fursunoni wajen 1,200 zuwa Edinbura. Babu kurkukun da zai ɗauke su, sai aka tsare su a wani fili mai katanga a kudancin maƙabartar, ba rufi, ba shimfiɗa, abincin kowa burodin da bai fi giram 113 ba a yini. Wanda ya san ruwa da iskar Edinbura ya san abin da wannan ke nufi.

Wasu sun sa hannu cewa ba za su ƙara ɗaukar makami a kan sarki ba, aka sake su. Wasu sun gudu, wasu sun mutu a filin, an rataye wasu. Waɗanda suka rage suka kafe, su 257, aka loda su a jirgin ruwa a tashar Leith cikin Nuwamba za a kai su aikin bauta a Amurka. Ranar 10 ga Disamba jirgin ya daki duwatsu a tsibiran Orkney, fursunonin suna kulle a cikinsa. Kimanin 200 ruwa ya ci.

Ginin cocin kansa ya sha wuya. Sojojin Cromwell, jagoran rundunar Ingila da ta mamaye Sikotlan, sun mai da shi bariki daga 1650. A 1718 albarushin da hukumar gari ta ajiye a hasumiyarsa ya fashe ya rushe ta, a 1845 kuma gobara ta cinye sashen gabas. Duk wannan tarihi ne tabbatacce, a rubuce yake. Batun duka kuwa, shi ne ke biye.

Tambaya: Na ji ana cewa fatalwar wani alƙali ce mai suna Mackenzie. Wane ne shi, kuma tun yaushe take fitowa? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, ba a alƙalanci ya yi suna ba, babban lauyan sarki ne, kamar a ce antoni janar. Sunansa George Mackenzie, shi ya riƙa gurfanar da 'Yan Alkawari a kotu, har mutane suka laƙaba masa sunan da ke nufin mai jini a hannu. Ya mutu a Landan a 1691, aka kawo gawarsa Greyfriars aka sa a wani ɗakin kabari zagayayye mai ƙubba, jifa kaɗan daga filin da aka tsare mutanen da ya tuhuma. Ka ga kayan haɗa tatsuniya sun cika, azzalumi da waɗanda ya zalunta a ƙasa ɗaya.

Mutumin yana da wata fuskar da masu ba da labarin dare ba su cika faɗa ba. Shi ya kafa laburaren lauyoyi na Edinbura a 1689, wanda ya zama tushen babban laburaren ƙasar a 1925. Kuma a zamanin da ake ƙona mata da sunan maita, yana cikin waɗanda suka yi rubutu suna sukar yadda ake tatsar ikirari da azaba.

Tun ƙarni na 19 yaran unguwar suna da wasa: su lallaɓa bakin ƙofar kabarin, su yi masa kirarin tsokana cewa in ya isa ya zare sakata ya fito, sai su zura da gudu. Iyakarsa ke nan, wasan yara irin na dodo. Fatalwa mai yakushi da kayar da mutane kuwa ba a fara jin labarinta ba sai ƙarshen 1998. Labarin da ake bayarwa shi ne, wani mutum mara wurin kwana ya ɓalle ƙofar kabarin a daren ruwa, ya sauka ƙasa inda akwatunan gawa suke, daɓe ya rufta da shi cikin wani rami mai ƙasusuwa, ya fito yana ihu. Kowane jagora da yadda yake ƙawata shi: wannan ya ce mai gadi ne ya gan shi, wancan ya ce mai yawo da kare ne. A 1999 aka fara rangadin dare na kuɗi a maƙabartar, kuma ɗaruruwan rahotannin da ake ambata, masu rangadin ne suka tattara su. Ba mu ce ƙarya suke yi ba. Amma mutum ya kwanta shekara 307 bai taɓa kowa ba, sai dab da lokacin da aka fara sayar da tikiti ya fara kai hannu, wannan ya isa mai hankali ya ɗan dakata.

Wani abin lura: yawancin faɗuwa da yakushin da ake faɗa ba a kabarin Mackenzie suke faruwa ba, a wani ɗakin kabari ne cikin sashen da ake kira kurkukun 'Yan Alkawari. Waɗannan ɗakunan kuwa babu su a 1679, an gina su ne daga baya, bayan an haɗe wani yanki na filin da maƙabarta.

Ɓarnar da aka tabbatar a kabarin Mackenzie ta 'yan Adam ce. A 2003 wasu samari biyu, mai shekara 17 da mai 15, sun fasa shi suka cire kan wata gawa suna wasa da shi. Kotu ta same su da laifi a 2004 a ƙarƙashin tsohuwar dokar keta alfarmar kabari, wadda aka fi shekara ɗari ba a hukunta kowa da ita ba.

Tambaya: Na bi rangadin daren nan da ƙawayena. Wata mata ta yanke jiki ta faɗi a gabanmu, ni kuma washegari na ga taruwar jini a damtsena da wasu jajayen layuka a wuyana. Ban daki komai ba. Ku yi mini bayani don Allah, tsoro ya hana ni barci. Daga wata ɗaliba a Gilasgo.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Abin da kika gani gaskiya ne, kuma kowanne yana da sababi.

Mu fara da suma. Dubi yadda aka tsara daren: an yi wajen awa guda ana tafiya cikin sanyi ana jin labarin azaba, sannan aka cusa mutum ashirin ko talatin a ɗakin dutse mai ƙofa ɗaya, aka rage haske, kowa ya tsaya ƙiƙam. Tsayuwa ba motsi tana sa jini ya taru a ƙafafu. Idan tsoro ya hau kai, jijiyar da ke sassauta bugun zuciya takan yi aiki fiye da kima, bugun ya ragu, hanyoyin jini su buɗe, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan na 'yan sakanni. Kafin faɗuwa mutum yakan ji zufa mai sanyi, tashin zuciya, ƙara a kunne, gani ya dushe. Ki kwatanta da abin da waɗanda suka faɗi suke cewa, wai wani sanyi ya lulluɓe su sannan duhu ya rufe. Abu ɗaya ne. Shi ke kayar da ɗalibai a layin asambili da sojoji a fareti. Wanda bai ci abinci ba, ko ya sha giya kafin rangadin, ko yake saurin numfashi don firgita, ya fi saurin faɗuwa. Da zarar ɗaya ya faɗi kuma, tsoron sauran ya ninka.

Idan aka sake yi a gabanki: a kwantar da mai suman rigingine, a ɗaga ƙafafunsa kamar santimita 30, a sassauta abin wuya, a ba shi iska. Kada a tayar da shi zaune da gaggawa, kada a ɗura masa ruwa kafin ya farfaɗo sosai. Yawanci cikin minti guda ake dawowa. Idan ya wuce haka, ko ya bugi kai, ko yana kukan ciwon ƙirji, a kira 999, lambar agajin gaggawa ta Birtaniya.

Taruwar jini ba ta fitowa nan take, takan ɗauki awoyi ko ta kwana. A cunkoson duhu, gwiwar hannun wani, ko ƙawar da ta cafke damtsenki lokacin da aka firgita, ko gefen ƙofar ƙarfe, duk sun isa. Mai tsoro ba ya jin ƙaramin zafi a lokacin. Jajayen layuka kuwa, mutum biyu zuwa biyar cikin ɗari suna da fatar da ko farce aka ja a kai sai ta tasa ta yi ja cikin mintoci, ta baje kafin awa guda. Zip ɗin rigar sanyi, igiyar jaka, ko susar da kika yi ba ki sani ba, suna iya jawo shi. Gwada da kanki: ja bayan cokali a cikin damtsenki, ki jira minti biyar. Sannan jagororin sukan ce wa mutane su duba jikinsu in sun koma gida. Wa yake duba jikinsa haka a sauran ranaku? In kuwa taruwar jini tana yawan fito miki ba dalili, to wannan maganar likita ce, a auna jininki.

Tambaya: Na turo muku hoton da na ɗauka a maƙabartar. Akwai fararen ƙwallaye a sama da wani hayaƙi mai siffar mutum. Daga wani mai karatu a Manchesta.

Amsa: Ƙwallayen ƙura ce ko yayyafi da ke shawagi dab da gilashin kyamara. Filasha ta haske su, kyamarar kuma ta sa ido a kan abin da ke nesa, sai kowane ɗigo ya fito a matsayin faifai mai dishi-dishi. Hayaƙin hucin bakinka ne. A daren hunturun Edinbura ma'aunin zafi yakan sauko kusa da sifiri, numfashi ya zama tururi a gaban wayar. Ƙwaƙwalwa kuma gwana ce wajen ƙera fuska daga kowane tabo.

Ga yadda za ka tantance. Goge gilashin. Ɗauki hoto biyu a jere, ɗaya da filasha, ɗaya babu. Riƙe numfashi sakan biyar kafin ka danna. In da hali abokinka ya ɗauka da tasa wayar a gefenka a lokaci guda: abin da yake can nesa da gaske zai fito a duka biyun a wuri ɗaya, ƙura ba za ta fito ba. Ka kula da tsarin ɗaukar dare na wayoyin yanzu, yana barin kyamara a buɗe sakan biyu, uku ko fiye, wanda ya gifta a lokacin sai ya fito shara-shara ana ganin duwatsu ta cikinsa.

Na'urorin masu farautar fatalwa ma haka. Mai fitilun nan da ke ƙyaftawa tana auna maganaɗisun lantarki ne, wayar aljihunka ko kebul da ke binne suna kunna ta. Ma'aunin zafi mai kama da bindiga kuwa zafin bango yake aunawa, ba na iska ba. Ka nuna shi ga ƙofa a buɗe ko sama, lamba za ta faɗi warwas, a ce an samu wurin sanyi.

Tambaya: Wai gaskiya ne akwai sautin da kunne ba ya ji amma yana sa a ga fatalwa a tsofaffin coci-coci? Daga wani injiniya a Kaduna.

Amsa: Da ƙamshin gaskiya, amma an zuzuta shi. Kunnen mutum ba ya kama sautin da girgizarsa ta gaza sau 20 a sakan. A 1998 wani injiniya Bature, Vic Tandy, ya wallafa yadda shi da abokan aikinsa suke jin tsoro da ganin inuwa a gefen ido a ɗakin aikinsu, har aka gano wata fankar zuƙe iska ce ke fitar da girgiza wajen sau 19 a sakan. Da aka gyara ta abin ya tafi. Manyan coci suna da tushen irin wannan: bututun ogan, babban kayan kiɗan coci, mai tsawon ƙafa 32 yana ba da girgiza kimanin sau 16 a sakan, iska ma in ta bi dogon soro tana yi, haka manyan motoci. A wani gwaji a zauren kiɗa na Landan a 2003, an saka sautin 17 a ɓoye cikin wasu waƙoƙi, kashi 22 cikin ɗari na masu sauraro suka ce sun ji wani abu baƙo a jikinsu.

Sai dai da masu bincike na kwalejin Goldsmiths suka gina ɗaki na musamman suka sa mutum 79 a ciki ɗaya bayan ɗaya, a rahotonsu na 2009, kunna sautin ko kashe shi bai canza komai ba. Abin da ya bambanta mutanen shi ne saurin ɗaukar abin da aka raya musu. A Edinbura kanta, a 2001, masanin halayyar ɗan Adam Richard Wiseman ya sa mutum fiye da 200 sun tsaya minti goma-goma a ɗakunan ƙarƙashin gadar South Bridge. Kusan rabinsu sun ji wani abu, kuma an fi ji a ɗakunan da dama aka san su da fatalwa, alhali ba a gaya musu wane ɗaki ne wane ba. Da aka auna, girman ɗaki da yanayin hasken bakin ƙofarsa suna tafiya tare da yawan rahotannin. A ganinmu ginin da labarin da aka shigo da shi a kai su ne manyan dalilai, sautin ɗan rakiya ne.

Tambaya: Na ga hoton kaburbura da aka rufe da kejin ƙarfe a wurin. An ce don kada matattu su fito ne. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, don kada rayayyu su shiga ne. A farkon ƙarni na 19 Edinbura cibiyar koyon likitanci ce, malaman tiyata suna buƙatar gawa, doka kuma ta taƙaita gawarwakin da za su iya samu. Sai sana'ar tonon sabon kabari ta buɗe. Masu hali suka riƙa sa keji, wasu na haya, a bar shi 'yan makonni har gawar ta lalace ta daina amfani ga masu saye, sannan a ɗauke. Biyu sun rage a Greyfriars. Wasu mutum biyu, Burke da Hare, da ake yawan haɗawa da wannan ba su tona kabari ba, kashe mutum 16 suka yi suka sayar da gawarwakin ga malamin likitanci Dakta Robert Knox a 1828. Dokar 1832 da ta ba makarantun likita hanyar samun gawa bisa ƙa'ida ita ta kashe kasuwar.

Tambaya: Labarin karen da ya yi gadin kabarin ubangidansa fa? Daga wani yaro ɗan aji uku na sakandare a Jos.

Amsa: Yaro, karen ya rayu, sunansa Bobby. An ce ubangidansa John Gray ya mutu a 1858, karen ya zauna a maƙabartar har ya mutu a Janairun 1872. Magajin gari ya biya masa kuɗin lasisi a 1867, abin wuyansa yana gidan tarihin birnin, an kafa mutum-mutuminsa a 1873. Wani masanin tarihi, Jan Bondeson, ya kawo hujja a 2011 cewa karnuka biyu ne, an sauya na farko da ya mutu don kada baƙi su daina zuwa. Shafa hancin mutum-mutumin don neman sa'a sabon abu ne, yana kuma cinye ƙarfen.

Tambaya: Su masu cocin sun yarda matattu suna dawowa? Kuma tun da na dawo daga wurin nake jin ana danne ni cikin barci. Daga wani ɗalibi a Edinbura.

Amsa: Cocin na ɗarikar Firesbiteriya ne, kuma littafin aƙidar da cocin Sikotlan ya karɓa a 1647 ya ce ran mutum da ya fita yana komawa ga Ubangiji nan take, ko ni'ima ko azaba, babu wani masauki na uku. Wato 'Yan Alkawarin da ake cewa suna yawo a filin, da kansu za su ƙaryata labarin. Masu rangadin dare ba ma'aikatan cocin ba ne. Maƙabartar tana hannun hukumar birni. A wajen Musulmi ma, aya ta 99 da ta 100 na Suratul Mu'uminun sun ambaci barzahu tsakanin mamaci da komowa har ranar tashi. Batun aljanu daban ne, wannan ka kai wa malamai.

Abin da kake ji kuwa dannau ne, mun san shi tun a gida. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana kulle gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci farkawa takan riga buɗewar kullen da sakanni ko minti ɗaya zuwa biyu, mutum ya ji nauyi a ƙirji, ya ga inuwa a ɗaki. Ƙarancin barci, damuwar jarrabawa, sauyin lokacin kwanciya da kwanciya rigingine su ke jawo shi. Kwanta ta gefe, tsayar da lokacin barci, ka nemi awa bakwai zuwa tara, ka bar kofi da shayi mai ƙarfi tun la'asar. In ya zo, kada ka yi kokawa, mai da hankali kan motsa yatsa ɗaya kana numfashi a hankali. Amma in yana zuwa da ciwon kai da jiri da ke raguwa idan ka fita waje, ko abokan zamanka ma suna ji, sa a duba tukunyar gas ta ɗumama gida a ranar, kuma ka tabbata na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid tana aiki. Iskar ba ta da wari, tana sa gane-gane, tana kisa.

Tambaya: Ina so in je in gani da idona. Yaya zan yi? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Abadin.

Amsa: Daga Waverley, babbar tashar jirgin ƙasa ta Edinbura, tafiyar kamar minti goma sha biyar ce. Ki bi titin George IV Bridge har inda ya haɗu da Candlemaker Row, za ki ga mutum-mutumin karen, ƙofar tana bayansa, babban gidan tarihin ƙasa yana tsallaken titi. Shiga maƙabartar kyauta ne. Sashen kurkukun a kulle yake, ana leƙawa ta ƙofar ƙarfe, shiga sai da masu rangadi. Kabarin Mackenzie ma a kulle yake. Cikin cocin an fi samunsa a buɗe ga baƙi a watannin ɗumi, kuma har yau ana ibada a ciki, don haka a kauce wa safiyar Lahadi.

Ki je da rana in tarihi kike so, don rubutun duwatsun ba ya karantuwa da dare. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a Yuni sai wajen goma. Ki sa takalmi mai kama ƙasa, wurin gangare ne, laka da jiƙaƙƙen dutse suna da santsi. Kada a jingina da tsofaffin duwatsun kabari, wasu sun saki. In rangadin dare kika zaɓa, ki ci abinci tukuna, ki tsaya kusa da ƙofa a ɗakin kabarin, ki riƙa motsa yatsun ƙafa da matse ƙwauri. Ihun da za ki iya ji daga cikin duhu kamar na mace, yawanci yanyawar Turai ce, wadda ta cika birnin, ta fi kuma yin kukan a Janairu lokacin barbara.